Yadda Amurka ta shirya wa ranar da sojojinta miliyan 12 za su dawo gida

Ran 28 ga Yuli, 1932, sojojin Amurka ƙarƙashin Janar Douglas MacArthur suka fito titunan Washington da dawakai da tankokin yaƙi da barkonon tsohuwa, suka tarwatsa dubban mutanen da suka yi zaman dirshan a birnin, suka banka wa bukkokinsu wuta a Anacostia. Waɗanda aka tarwatsa ɗin 'yan mazan jiya ne, sojojin da suka yi wa ƙasar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da aka sallame su bayan 1918, abin da kowa ya samu dala 60 ne da kuɗin jirgin ƙasa zuwa garinsu. A 1924 majalisa ta yi musu alkawarin ƙari, dala ɗaya kan kowace rana da soja ya yi aiki a gida, dala ɗaya da kwata kan kowace rana a ƙetare, amma a takarda, kuma ba za a biya ba sai 1945. Da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, har ya kai mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan ƙasar ba shi da abin yi, sai suka ce a ba su haƙƙinsu yanzu, yunwa ba ta jiran 1945. Sai 1936 aka biya su.

Mutanen da ke riƙe da gwamnati a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da idonsu suka ga wannan abin kunya. A yaƙin farko mutum kusan miliyan 4.7 ne suka sa kaki. A na biyu sun haura miliyan 16, kuma ran da aka gama akwai sama da miliyan 12 a bakin aiki. Saboda haka tun ana tsakiyar ɓarin wuta, akwai tambayar da ke hana manyan Washington barci: in an ci yaƙin, ina za a kai waɗannan mutane? Yawancin abin da Amurka ta zama bayan 1945, mai kyau da mara kyau, daga amsar da aka ba wannan tambaya ya fito.

Tara mutane da kayan aiki

A 1939 rundunar sojan ƙasa ta Amurka ba ta kai mutum 200,000 ba. Ran 16 ga Satumba, 1940, Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu kan dokar ɗaukar soja ta dole, karo na farko da aka yi haka ƙasar ba ta cikin yaƙi. Wata guda bayan haka maza sama da miliyan 16 masu shekara 21 zuwa 35 suka yi rajista a rana ɗaya, aka kuma yi ƙuri'a don a san wa za a fara kira. Tantancewar kuwa an bar wa kwamitoci sama da 6,000 na mutanen gari, masu aikin sa kai. Su ke raba mutane aji-aji: 1-A a tafi da shi, 2-B yana aiki a masana'antar kayan yaƙi a ƙyale shi, 3-A yana da iyalin da suka dogara da shi, 4-F lafiyarsa ba ta kai ba. Mutum kusan miliyan 10 aka ɗauka ta wannan hanya. A lura da wannan ɗabi'a ta tsara doka a Washington a miƙa aiwatarwa ga mutanen gari, domin za ta sake ɓullowa a gaba, inda ta yi ɓarna.

Bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor ran 7 ga Disamba, 1941, wanda ya kashe Amurkawa 2,403, ba a yi wata uku ba aka dakatar da ƙera motocin hawa gaba ɗaya. Masana'antun Detroit suka koma ƙera tankoki da injinan jirage. Kamfanin Ford ya gina wata makekiyar masana'anta a Willow Run, wadda a 1944 take fitar da jirgin jefa bam samfurin B-24 kusan ɗaya a kowace awa. Kafin yaƙin ya ƙare ƙasar ta ƙera jiragen sama kusan 300,000 da tankoki sama da 85,000. Wasu daga cikin jiragen da aka ba Ingila ta ƙasar Hausa suka ratsa: hanyar sama da ta tashi daga Takoradi da Accra ta bi ta Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato N'Djamena ta yau, ta wuce Khartoum zuwa Masar, kuma a 1941 da 1942 kamfanin Pan American ya yi aiki a kanta.

Farkon lamarin rikici ne zalla. Ana ba kowane ɗan kwangila takardar fifiko don ya sayi ƙarfe, to amma an yi ta raba takardun har adadinsu ya fi ƙarfen da ke ƙasar, kowa na riƙe da takarda mai cewa shi ne farko. Gyaran da aka kawo a 1943 shi ne a daina bin kowane kaya, a riƙe uku kawai: baƙin ƙarfe, tagulla da alminiyam. Duk wata uku sojan ƙasa da na ruwa da hukumar jiragen dakon kaya za su kawo buƙatunsu, a raba musu daidai abin da ake da shi, su kuma su raba wa manyan 'yan kwangilarsu, waɗannan su raba wa ƙanana. Wanda ya riƙe waɗannan ukun ya riƙe komai, tunda babu makamin da ake ƙerawa ba da su ba.

Sauri ma yana da nasa farashi. Jiragen dakon kaya samfurin Liberty, guda 2,710, da walda aka haɗa su maimakon ƙusoshin ƙarfe da aka saba, lokacin ginin jirgi kuma ya ragu daga kusan wata takwas zuwa kusan kwana 42. Sai wasu suka fara tsagewa a ruwan sanyi na arewacin Atlantika, 'yan kaɗan har suka rabe biyu. Bincike ya nuna ƙarfen ne ke bushewa ya yi gautsi in sanyi ya yi yawa, tsagar kuma takan fara daga kusurwar bakin rumbun kaya mai kaifi, kuma da yake walda ta mai da jikin jirgin faranti ɗaya, babu abin da zai tare ta. Aka zagaye kusurwoyin, aka kuma ƙara wasu faranta da ƙusa a wurare na musamman don tsaga ta tsaya in ta iso.

Kati, maki da aljihu

Abin da ke gaban gwamnati a cikin gida lissafi ne mai sauƙin faɗa. Rashin aikin yi ya faɗo daga kusan kashi 15 cikin ɗari a 1940 zuwa kashi 1.2 a 1944, kowa na da kuɗi a aljihu, kayan saye kuma sun ragu. In an bar kasuwa, farashi zai yi tashin gwauron zabi.

Taya aka fara ƙayyadewa, a Janairun 1942, domin Japan na kan kama Malaya da tsibiran Indonesiya inda kusan kashi 90 cikin ɗari na robar Amurka ke fitowa. Ƙayyade fetur a duk ƙasa daga Disambar 1942 ma don ceton taya aka yi shi fiye da don ƙarancin mai. Mai sitikar A a gilashin motarsa galan uku zuwa huɗu yake samu a mako, mai B da ke zuwa aiki a masana'anta ya fi haka, C na likitoci ne da makamantansu. An hana gudu fiye da mil 35 a awa, an kuma hana kowa riƙe taya fiye da biyar. Sukari rabin laba ga mutum a mako tun daga Mayun 1942, kofi laba ɗaya a mako biyar, takalmi ƙafa uku a shekara.

Tsarin da ya fi wayo shi ne na maki, wanda ya fara a Maris 1943. Kowane mutum, har jariri, yana da maki 48 shuɗaye a wata na abincin gwangwani, da maki 16 jajaye a mako na nama, man shanu, cuku da man girki. Uwargida za ta biya kuɗi ta kuma biya maki. Hukuma na sauya makin kowane kaya bisa yawansa, in naman alade ya yi yawa a rage makinsa, in na shanu ya yi ƙaranci a ƙara. Mai kanti zai yagi tambarin daga littafin, ya liƙa a takarda, ya kai banki a zuba masa a wani asusu na maki, da shi zai rubuta wa dila cek ya saro wasu kaya. Har kitsen da ya rage a tukunya ana tarawa a kai wa mahauci, a karɓi santi huɗu da jan maki biyu kan kowace laba, domin ana fitar da sinadarin haɗa abubuwan fashewa daga gare shi. Inda tsarin ya fi yoyo shi ne nama: ana yanka a ɓoye a sayar a kasuwar bayan fage, ana kuma buga tambarin fetur na jabu.

Yaƙin ya ci Amurka kusan dala biliyan 300, kuma haraji bai biya rabi ba. Duk da haka a nan ne harajin kuɗin shiga ya sauko daga kan attajirai ya hau kan kowa: masu biya sun tashi daga kusan miliyan huɗu a 1939 zuwa sama da miliyan 40 a 1945. Matsalar ita ce a da sai shekara ta zagayo ake biya a dunƙule, sabbin masu biyan kuwa ba su saba ajiye komai ba. Sai dokar 1943 ta ce a riƙa yanka daga albashi tun kafin ya shiga hannu, tsarin da har yau ake kai. Sauran kuɗin rance ne daga jama'a da bankuna. Takardar lamuni ta talaka dala 18.75 ce, bayan shekara goma a karɓi 25, yara kuma na sayen tambarin santi goma-goma suna liƙawa har ya cika. Mutum kusan miliyan 85 suka saya. An kuma ɗaure ƙarin albashi, sai kamfanonin da ke neman ma'aikata ruwa a jallo suka koma jan su da inshorar lafiya, wadda ba ta cikin abin da aka hana. Dalilin ke nan da har gobe lafiyar yawancin Amurkawa take rataye a wuyan wurin aikinsu.

Wa zai fara komawa gida

Amurka ta rasa mutum kusan 405,000, wasu kusan 670,000 suka ji rauni. Babbar asara ce, amma Tarayyar Sobiyet ta rasa kusan miliyan 27, kuma biranen Amurka da masana'antunta ba abin da ya taɓa su. Aikin da ya rage mata shi ne kwaso mutanenta.

Rundunar sojan ƙasa ta tambayi sojojin kansu me suke ganin adalci ne, ta fito da lissafin maki. Kowane wata a bakin aiki tun Satumbar 1940 maki ɗaya, kowane wata a ƙetare ƙarin ɗaya, kowace tauraruwar fagen fama ko lambar yabo biyar, kowane ɗa da bai kai shekara 18 ba maki 12, amma ba a ƙirga fiye da 'ya'ya uku. A Mayun 1945 sai mai maki 85 ke tafiya. A ɗauki soja mai wata 40 a aiki, 24 daga ciki a ƙetare, da taurari uku da ɗa guda: 40 da 24 da 15 da 12, ya tashi da 91, sai gida. Abokinsa da suka kwana rami ɗaya amma bai haihu ba yana da 79, shi kuma ana shirin tura shi yaƙi da Japan.

Illar tsarin a fili take. Waɗanda suka fi maki su ne suka fi ƙwarewa, sajan-sajan da makanikai, don haka rundunoni suka zama kwanko. Bayan Japan ta miƙa wuya aka yi ta rage makin, 80, 70, 60, aka jera gadaje hawa-hawa a cikin manyan jiragen yaƙi na ruwa, aka kwaso mutum sama da miliyan takwas cikin shekara guda da 'yan watanni. Da aka ce za a rage saurin a Janairun 1946, dubban sojoji suka yi zanga-zanga a Manila da wasu sansanoni, iyalansu kuma suka cika majalisa da wasiƙu. Gwamnati ta ba da kai. Zuwa tsakiyar 1947 sojojin ba su wuce miliyan ɗaya da rabi ba da yawa. Su ma mamatan ba a bar su ba: an tambayi kowane iyali ko a bar gawa a maƙabartar soja a ƙetare ko a dawo da ita, aka dawo da kusan 171,000.

Dokar da aka sani da GI Bill

Roosevelt ya sa hannu kan wannan doka ta tallafa wa sojojin da aka sallama ran 22 ga Yuni, 1944, makonni biyu da ɗan ɗori bayan saukar dakarun ƙawance a Normandy ta Faransa. Ƙungiyar 'yan mazan jiya ta American Legion ce ta tura ta, Harry Colmery ya rubuta daftarin farko. Sharaɗin cin moriya kwana 90 ne a bakin aiki da sallamar da ba ta kora ba. Ƙafafunta uku.

Ta farko karatu: shekara ɗaya, a ƙara da tsawon lokacin da mutum ya yi a soja, iyaka shekara huɗu. Gwamnati na biyan makaranta kai tsaye har dala 500 a shekara, kuɗin da a lokacin ya isa ko a jami'o'i masu tsada, ta kuma ba ɗalibi dala 50 a wata in gwauro ne, 75 in yana da iyali, daga baya aka ƙara. Zuwa 1956 mutum miliyan 7.8 sun amfana. Abin da aka fi yayatawa shi ne jami'a, domin a 1947 kusan rabin waɗanda jami'o'i suka ɗauka tsofaffin sojoji ne, amma waɗannan miliyan 2.2 ne kawai. Mafi yawa makarantun sana'a suka shiga, ko koyon aiki a wurin aiki, ko horon noma. A nan 'yan damfara suka samu ƙofa: makarantun je-ka-na-yi-ka suka yi ta tsirowa, kowace ta tsayar da kuɗinta daidai iyakar abin da gwamnati ke biya. Shi ya sa da aka zo yin irin wannan doka ga sojojin yaƙin Koriya a 1952, sai aka koma ba soja kuɗin a hannu, shi ya biya makaranta.

Ta biyu kuɗin zaman jira, dala 20 a mako har mako 52. Masu adawa sun ce za ta haifar da cima-zaune, sai ga shi ko kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da aka ware ba a taɓa ba.

Ta uku rance, kuma ita ce ta fi buƙatar a fahimce ta. Gwamnati ba ta ba kowa kuɗi. Banki ne ke bayarwa, hukumar tsofaffin sojoji ta tsaya wa mai karɓa kan rabin bashin, iyaka dala 2,000, daga baya 4,000 ga gidaje, da sharaɗin kuɗin ruwa kada ya wuce kashi huɗu cikin ɗari. Daga 1944 zuwa 1952 an tsaya wa rancen gidaje kusan miliyan 2.4. Magina irin su William Levitt suka ga kasuwa. A gonakin dankali na Long Island ya gina gidaje sama da 17,000 tsakanin 1947 da 1951, ya raba ginin kashi-kashi, kowace ƙungiyar ma'aikata aiki ɗaya take yi tana bin gida-gida, wata siminti, wata rufi, wata fenti. Gida dala 7,990, tsohon soja na iya shiga kusan ba kafin alƙalami, ya riƙa biyan abin da bai kai dala 60 ba a wata.

Masanan gwamnati sun yi hasashen mutum miliyan takwas za su rasa aiki a 1946, tunda kashe kuɗin gwamnatin tarayya ya faɗo daga kusan dala biliyan 93 a 1945 zuwa kusan 35 a 1947. Hasashen bai tabbata ba, rashin aiki ya tsaya ƙasa da kashi huɗu cikin ɗari. Ajiyar da aka tilasta wa mutane yi shekara huɗu ta fito neman mota da firiji da gida, makarantu sun riƙe miliyoyin maza daga kasuwar aiki, sannan mata sama da miliyan biyu sun bar aiki, wasu da son ransu, wasu an sallame su don a ba maza wuri. Abin da ya tashi maimakon haka shi ne farashi, da zarar an sassauta ƙayyadewa a tsakiyar 1946, da kuma yajin aiki, wanda ma'aikata sama da miliyan huɗu da rabi suka shiga a shekarar. An ɗaura aure kusan miliyan 2.3 a 1946, aure kusan 610,000 kuma ya mutu.

Inda dokar ta karkace

Babu kalma ɗaya ta launin fata a cikin dokar. Amma shugaban kwamitin da ya riƙe ta a majalisar wakilai John Rankin ne na Mississippi, riƙaƙƙen mai ra'ayin wariya, shi da 'yan'uwansa na kudu suka tabbatar aiwatarwa ta zauna a hannun jihohi, bankuna da makarantu. Baƙaƙen fata sama da miliyan ɗaya sun yi yaƙin, a rundunoni na daban, yawancinsu a aikin dako da tuƙi da gini. Da suka dawo, haƙƙin yana nan a takarda, amma kowace ƙofa akwai mai tsaronta.

Tunda banki ke ba da rance, in manaja ya ce a'a, tsayawar gwamnati ba ta da wani amfani. Wani bincike da mujallar Ebony ta yi a biranen Mississippi 13 a 1947 ya gano cewa cikin rance 3,229 da hukumar ta tsaya wa, biyu ne kacal suka je hannun baƙar fata. Kada a ɗauka kudu ce kaɗai: a unguwannin bayan garin New York da arewacin New Jersey, cikin rancen gidaje kusan 67,000, waɗanda ba farare ba ba su kai 100 ba. Hukumomin tarayya da kansu sun shata wa unguwannin baƙaƙe jan layi a taswira a matsayin wuraren da rance ke da haɗari, takardun gidajen Levitt kuma sun hana wanda ba farar fata ba zama. Jami'o'in kudu a rufe suke gare su, ƙananan kwalejojin baƙaƙe suka cika suka mai da dubbai gida. A ofishin samar da aiki, wanda ya koyi kanikanci a soja sai a tura shi wanke-wanke, in ya ƙi a ce ya ƙi aiki, a yanke masa dala 20 ɗin. Da yake gida shi ne babbar dukiyar da Ba'amurke ke bar wa 'ya'yansa, wannan rata ta gadu har jikoki.

Ran 12 ga Fabrairu, 1946, sa'o'i kaɗan bayan an sallami Sajan Isaac Woodard, yana sanye da kakinsa, ɗan sanda ya sauke shi daga motar haya a Batesburg ta South Carolina, ya doke shi har ya makance. Masu taya alƙali yanke hukunci, duka farare, suka wanke ɗan sandan. Lamarin na cikin abubuwan da suka girgiza Shugaba Harry Truman, wanda a Yulin 1948 ya ba da umarnin kawo ƙarshen wariya a cikin soja.

Akwai kuma waɗanda tun farko ba a sa su a layin ba. Amurkawa 'yan asalin Japan kusan 120,000 da aka tsare a sansanoni tun 1942, kashi biyu cikin uku 'yan ƙasa ne, an sake su da dala 25 da tikitin jirgin ƙasa, sai 1988 aka nemi gafararsu aka ba kowane mai rai dala 20,000. Matan da suka yi wa soja tuƙin jiragen sama sai 1977 aka amince su ma 'yan mazan jiya ne, ma'aikatan jiragen dakon kaya sai 1988. 'Yan Filifin da suka yi yaƙi ƙarƙashin tutar Amurka, majalisa ta soke yawancin haƙƙoƙinsu da wata doka a 1946. A 2009 aka ware wa waɗanda suka rage da rai biya sau ɗaya, dala 15,000 ga wanda ya zama ɗan Amurka, 9,000 ga wanda bai zama ba.